Kamu Shida, Amma na Wa?

Allah ya yi ni da gajeren hannu, kuma ban taɓa kai ƙara ba. Farin yadi da alawayyo nake sayarwa a Kasuwar Dole, mutanen ƙauye kuwa har gobe ba su yarda da metir ba. Kamu suke so, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, su gani da idonsu. To, a rumfa kamun mai rumfa ake bi. Hannun nan da yara suka yi ta yi wa dariya a lakwal, wato makarantar boko, shi ya gina mini gida a Garin Malam, shi ya yi wa 'ya'yana mata kayan ɗaki. Wasu masu wayo daga Zermu sukan zo da wani zanƙalelen ƙanensu wai ya auna musu. Nakan ce masa ya je ya buɗe tasa rumfar.

Mutum ɗaya ne a duk Damagaram ya taɓa sa na dubi hannuna na ji haushi, shi ne Mahamud.

Kafin in auri Lubabatu, shi yake zuwa zance wurinta. Akwai wata kurna a ƙofar gidansu a Birni. Wata rana ina zaune nesa kaɗan, ina yi kamar ina gyaran takalmi, na ga ta nuna masa wani reshe da baki. Bai yi ɗage ba, bai ma daina magana ba, ya miƙa hannu ya tsinko ya zuba mata a tafi. Washegari da na ga ba kowa na zo na gwada reshen. Sai da na aro turmi na taka. Daga baya ya tafi Yamai karatu, karatun ya yi tsawo kamar mai shi, ni kuwa ina nan ban je ko'ina ba, sai aka ba ni. Na san yadda na ci wannan gasa: wanda ya fi ni ne bai zo ba.

Bana, da 'yan matanmu suka tafi gidajensu gida ya yi shiru, Luba ta shiga wani aji da wani foroje, irin shirin tallafin nan, ya buɗe wa matan unguwa. Ana koya musu haɗa farantin sola da batir, da yin akwatin ƙyanƙyasar ƙwai. Ni na ba ta izini da bakina, har na yi mata ba'a na ce in ta ƙware ta duba mana fanka. Ban tambayi sunan malamin ba, wato Mushen nasu, yadda muke kiran malamin boko da Faransanci. Sunan ya iso gidana da kansa ranar farko, tare da tuwo.

"Mushe Mahamud ya ce wutar batir ba ta kisa, amma tana ƙona gida."

Na ajiye loma. "Wane Mahamud?"

"Wanda ka sani mana. Yana koyarwa a lise, babbar sakandare, da yamma yake zo mana."

"Yana nan da tsawonsa?"

"A'a, ya rage, ya ce a kawo maka sauran."

Daga ranar gidana ya samu maigida na biyu wanda ba ya cefane. Mushe ya ce kada a ajiye batir a rana. Mushe ya ce a riƙa goge faranti da safe. Mushe ya ce jar waya ba ta gaisawa da baƙa. Ni shekara ashirin da 'yan kai ina magana a gidan nan, ban taɓa jin an ce “Malam ya ce” ba, sai in za a dafa wake ne a ce Malam ya ce ba ya so.

Tsohon firigonmu na sanyaya ruwa da ya mutu tun ana yayin rediyo mai kaset, shi ta jawo daga bayan ɗaki ta wanke. Ta sa aka huda masa 'yar taga a sama, ta jera ragar ƙarfe a ciki. Dabarar ba ta da wuya, har ni na gane: zabuwa ta iya yin ƙwai amma ba ta iya kwanci ba, sai ta zuba su a gona ta kama yawo. A ƙauye kaza ake ba wa ta kwanta, kaza kuwa iyakar fiffikenta take rufewa. Firigo zai ɗauki ƙwarya guda. Wutar gari takan tafi yawo ba sallama, shi ya sa da batir za a ɗumama shi. Yayanta Yakuba ya yi alkawarin aiko da ƙwan zabinsa daga Tirmini da zarar damina ta zauna. Abu ɗaya ya rage, wayar da take yin zafi in wuta ta bi ta cikinta.

"Gobe Mushe zai raka mu kasuwa, mu sayo a wurin Ɗanƙarami," in ji ta.

"Ya raka wa?"

"Mu, 'yan aji."

"Kasuwar da nake wuni a cikinta? Rumfar Ɗanƙarami da nake jin tarinsa daga tawa? Ki zauna, ni zan sayo."

Ta dube ni ta gefen ido, irin duban da take yi wa mai nono in ya rantse bai sa ruwa ba. "To. Ka ce masa ta akwatin ƙwai, kamu shida. Ya sani."

Ɗanƙarami tare muka yi lakwal, tare aka kore mu. Yana sayar da kayan wuta a layin da ke bayan nawa. Na faɗa masa saƙo, ya jawo naɗin wata waya mai launin toka, sannan ya miƙa hannu ya sauko da wata sanda da ke rataye a jikin ƙusa, an goge ta sumul, har da igiyar ratayewa.

"Wannan fa?"

"Sandar Mushe. Kamunsa ne. Ya ce wayar nan kamu shida nasa ne daidai abin da akwati ke so, matan kuma sun fi riƙe kamu da metir. Shi ne ya yanke ta daidai hannunsa ya bar mini."

Na tsaya ina kallon sandar. Ashe duk kwanakin nan hannun mutumin yana rataye a bayan rumfata, ina cin ƙosai ban sani ba.

"Mayar da ita," na ce. "Da nawa za a auna."

Ɗanƙarami ya dubi hannuna, ya dubi sandar, ya fashe da dariya har da dafa cinya. "Suma'ila, ji tsoron Allah. Kai da kamunka ba ya isa wandon jariri?"

"Wayar gidan wa za ta?"

"Gidanka."

"To a gidana kamuna ake bi."

"Yau na ga mai saye da ke roƙon a rage masa. Kai da kake cutar mutanen Zermu, yau kanka ka zo cuta?"

Ba wai ban yi tunani ba ne. Na yi, irin na mai yadi. Bargo in ya yi gajarta, ɗumi ne yake raguwa. Ke nan in wayar ta ɗan gaza, akwati zai ɗan yi sanyi, sai in kawo tsohon bargo in lulluɓa masa, in zama ni na gyara abin da lissafin Mushe ya bari. Har na ji daɗin maganar da zan yi a lokacin. Na dafa gwiwar hannuna a kan teburinsa, na auna shida cif, ya datse yana girgiza kai.

Luba ta nannaɗa wayar a jikin wani gasasshen tubali ta zaunar a ƙasan firigo. Tana cikin naɗi ta dakata.

"Kamar ta aji ta fi wannan zagaye."

"Tubalinki ne ya yi ƙiba," na ce.

Ƙwai suka iso daga Tirmini cikin ƙwarya, an shimfiɗa musu ƙaiƙayi, masu ɗigo-ɗigo, bawonsu kamar dutse. Yakuba ya aiko da saƙo cewa zabinsa na bana ba su yi yawa ba, waɗannan ya tara mata, kada ta sa ran wasu. Luba ba ta zuba su nan take ba, don Mushe ya ce a fara gwada akwati ba komai a ciki. Ta haɗa batir, ta rataya ma'aunin zafi, ta rufe. Talatin da takwas ake nema. Ya hau talatin da takwas ɗin, ya gaishe shi, ya wuce. Arba'in da ɗaya. Ta buɗe 'yar tagar gaba ɗaya, ya sauko arba'in, da rana ta take ya koma inda yake. Kwana biyu ana haka. Ƙwai kuwa suna cikin ƙwarya suna tsufa, Luba tana juya su safe da yamma, tana ƙara yin shiru. Na san shirun nan. Ta riga ta faɗa wa duk 'yan aji cewa ita za ta fara ƙyanƙyasa.

Ranar Alhamis da safe, ranar babbar kasuwa, ina sa hula ta ce, "Malam, na kira Mushe. Zai zo bayan la'asar ya duba."

"Ya zo ina?"

"Nan mana. Firigon zan ɗauka a ka in kai masa?"

Firigon yana tsakar gida, gab da ƙofar ɗakinta. A take na ga abin a idona: Mahamud ya sunkuyo ta zaurena, ya ratsa tsakar gidana, ya zauna a tabarmata, an kawo masa ruwa a kofin baƙi mai zanen fure, ya miƙa hannun nan cikin firigo ba tare da ya tashi ba ya taɓa wani abu, zafi ya sauka, Luba ta ce “Ikon Allah!” Ni kuma ina tsaye a gefe da makullin rumfa. Shekarun nan duka bai taɓa taka gidana ba. Ko sunan 'ya'yana da aka yi, a waje maza suka zauna, shi ma bai zo ba.

Sai kuma wani farin ciki ya taso mini, don na tuna ina da hujja.

"Ki bar shi ya zo ya ji kunya," na ce, ina gyara zaman hula. "Lissafinsa ne ba daidai ba. Ni da na rage wayar ma ga zafin da take yi. Da na sayo yadda ya ce, ai da kin soya wainar ƙwai."

Ta ajiye tsintsiya a hankali. "Ka rage me?"

"Da kamuna na auna. Ai taimakonki na yi ban sani ba."

Ta yafa mayafi ta fita, ta dawo da wani ɗan akwati rawaya mai wayoyi biyu, na'urar awon ajinsu da ke hannun maƙwabciyarmu Hadiza. Ta shiga ɗaki ta ɗauko allin da nake shata yadi da shi.

"Zauna, Malam."

"Yau Alhamis."

"Na sani. Zauna."

Na zauna a kan turmi. Da alama duk abin da ya shafi mutumin nan a kan turmi yake samuna.

Ta ɗora bakin wayoyin a kan batir. "Nawa ka gani?"

"Sha biyu."

"Bolt sha biyu. Ƙarfin turin batir ke nan, lafiyarsa lau." Ta rubuta a ƙofar firigo. Ta kwance waya ɗaya, ta juya wani abu a jikin na'urar, ta sa ta a tsakani. "Yanzu fa?"

"Huɗu."

"Amper huɗu. Yawan wutar da ke bi ta cikin wayarka ke nan. A aji uku muke gani."

"Ɗaya ce ta ƙaru. Gyara ce, ko a kasuwa ana yi."

"Raba sha biyu gida huɗu."

Lissafi dai ba a fi ni ba, ko a lakwal ba don shi aka kore ni ba. "Uku."

"Om uku. Turjiyar wayar ke nan, wato yadda take tare wa wuta hanya. Ta aji fa, sha biyu a raba gida uku?"

"Huɗu."

"Om huɗu. Ka ga om guda ka baro a rumfar Ɗanƙarami. Yanzu sha biyu sau huɗu."

"Arba'in da takwas."

"Wat arba'in da takwas, zafin da wayarka take zubawa a ciki. Sha biyu sau uku?"

"Talatin da shida."

"Shi ake so. Sauran sha biyun na dafa ƙwai ne."

Na duba ƙofar firigo, na sake bin lambobin da ido ko zan kama inda ta yi kure. Ba kure. "Amma ragewa na yi, Luba. Yaya za a rage abu ya ƙaru?"

"Waya ba bargo ba ce, Malam. Hanya ce. In hanya ta yi tsawo, wuta tana wahala kafin ta ratsa, kaɗan take wucewa. Ka gajarta mata, sai ta ɓarko, batir kuwa turinsa bai ragu ba. Wuta mai yawa, zafi mai yawa."

"Mushe ne ya ce?"

"Ni na ce. Ga shi ka gani da idonka, ba kai ne mai cewa a gani da ido ba?"

Ta ƙwanƙwasa allin a jikin ƙarfe tana tunani, irin yadda take yi da ludayi in tana tuna ko ta sa gishiri. "Kamunka shida ya ba da om uku. Ke nan kowane kamu biyu naka om ɗaya ne. Muna son om huɗu. Kamunka nawa?"

Na san amsar, amma sai da ta maimaita tambayar.

"Takwas," na ce.

Ta rubuta. Shida nasa, takwas nawa, da manyan lambobi, a ƙofar firigon da ni na saya. Na daɗe da sanin ya fi ni, amma ba a taɓa rubuta mini da alli ba.

"Ki kira shi ki ce ya zauna, mun gano."

"Sai na ga uku a na'urar nan. Ƙwan nan ba za su kai gobe a ƙwarya ba. In ka kawo waya na ga uku kafin la'asar, zan ce masa ya huta. In ban gani ba, zai shigo, kuma kai za ka shimfiɗa masa tabarma."

Rabona da gudu tun ranar da ɗan akuya ya ɗauke mini kan yadi. An yi ruwa da asuba, hanya ta cika da taɓo, mai kabu-kabun da na tara ya ce ba zai bi ta kwari ba, muka yi zagaye kamar masu neman ɓataccen jaki. A bakin kasuwa amalanke ta maƙale, motocin ƙauye sun toshe ko'ina. Na sauka na kutsa da ƙafa. Na wuce ta gaban rumfata a rufe, ga mutanen Zermu zaune a kan bencina suna jira, na kau da kai kamar ba tawa ba. Na isa wurin Ɗanƙarami, aka ce ya tafi jana'iza Karkada. Na zauna a ƙofarsa ina kallon sandar nan ta tsakanin katako. Sai da aka yi azahar ya dawo yana tafe yana gaisawa da kowane mai tebur kamar ɗan takara.

"A'a, maigidan kamu! An ƙyanƙyashe?"

"Ba ni waya."

"Shida?"

"Takwas."

Ya kai hannu wajen ƙusa.

"Kada ka taɓa ta. Da nawa."

Na auna takwas, ya datse. Amma ɗan banzan bai haƙura ba. Kafin in naɗe, ya fizgo sandar ya bi wayar da ita yana ƙirgawa da ƙarfi don maƙwabta su ji. Ta tsaya a shida, ko ɗan yatsa bai yi saura ba.

"Allahu akbar," in ji shi. "Wa ya yi maka wannan lissafi?"

"A gidana aka yi."

"Na san ba a kanka aka yi ba."

Da na iso gida rigata ta manne a baya. Luba ta riga ta kwance tsohuwar wayar. Ni na riƙe tubali tana naɗi. Ta ɗaure, ta sa na'ura a tsakani. Lamba ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya. Uku. Ban taɓa ƙaunar wata lamba haka ba.

"Kira shi," na ce. Ladan ya riga ya fara gyaran murya a lasifika.

Ta danna salula ta sa a kunne. Sai muka ji wata waya tana kuka a ƙofar gida, sannan wata murya mai kauri ta yi sallama. Mutumin bai ma iya makara ba, ko la'asar ɗin bai jira ba.

Na riga kowa isa zaure. Ƙofar zaurena daidai ni na sa aka yi ta, saboda haka sai da ya naɗe kusan biyu kafin ya shigo, abin ya ɗan sanyaya mini rai. Ya yi furfura, ya sa tabarau, wuyan rigarsa ya ɗan cinye. Na yi ta neman wani abu da zan ƙi a fuskarsa, ban samu ba sai kirki, wanda ya fi komai ban haushi.

"Malam Suma'ila! Ina wuni, ina gajiya? Ina ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Mushe. Bismilla, zauna nan." Na shimfiɗa tabarma a zaure, na zauna ta bakin ƙofar cikin gida, na cika ta iyakar iyawata. "Ai an wahalar da kai a banza. Mun gyara."

"Madalla! Me ya faru?"

"'Yar matsala ce ta awo."

Daga bayan labule Luba ta gaishe shi, ta turo ruwa. A kofin roba, na lura, ba mai fure ba. Sannan ta zayyana masa komai: sha biyu, huɗu, om uku, wat arba'in da takwas, da yadda ta mayar da lissafin zuwa kamuna ta samu takwas. Ba ta ce laifin wane ne ba. Ba ta bukata, hannun yana zaune a gabansa.

Mahamud ya cire tabarau ya goge. "Ke kaɗai kika bi wannan, Madam?"

"Malam ne ya yi rabawa da ninkawa."

"Wallahi shekara nawa ina koyar da abin nan. Yara su haddace, su ci jarrabawa, ka tambaye su a waje su ce gajeriyar waya ta fi sanyi. Ban taɓa samun misalin da ya kai wannan ba." Ya juyo gare ni, idonsa yana ƙyalli kamar na yaro. "Malam Suma'ila, don Allah, ko zan ga hannun?"

Baƙo ne, a zaurena. Na miƙa. Ya haɗa gwiwar hannunsa da tawa. Yatsuna suka tsaya a gindin tafinsa suka yi shiru.

"Uku bisa huɗu," ya ce a hankali, kamar mai kallon jinjirin wata. "Tubarkalla."

Ban taɓa jin an yi wa gajarta tubarkalla ba.

"To, ina da roƙo, kuma wurinka zan yi shi," ya ci gaba. "Ranar Asabar za mu buɗe aji a Gaffati. Matan can sun fi sakin jiki in mace ce a gaba. Na duba duk ajin, ba kamar Madam. In ka yarda, motar foroje za ta riƙa ɗaukarmu da safe ta dawo da mu da yamma."

Ɗaukarmu. Ta dawo da mu. Na yi gudu, na rufe rumfa ranar Alhamis, na sha dariyar Ɗanƙarami don kada mutumin nan ya yi taku goma a tsakar gidana, ga shi yana neman a ba shi hanyar Gaffati gaba ɗaya, zuwa da dawowa. Na buɗe baki zan ce a'a. Bayan labule ba motsi. Ko ƙarar awarwaro babu. Na tuna yadda ta ƙwanƙwasa allin nan a jikin firigo, da yadda ta ce “Ni na ce.” Rabon da in ji muryarta haka tun 'yan matan suna gida.

"Sai dai in da ni za a riƙa zuwa," na ce.

Ya tafa hannu. "Ai da ma abin da nake jin nauyin roƙa ke nan! Da kai, da hannun."

Muka yi la'asar a masallacin unguwa, na raka shi har bakin titi don in tabbata ya tafi. Da na dawo ma'auni yana kan talatin da takwas, Luba tana jera ƙwai a raga ɗaya bayan ɗaya tana bismilla.

Yanzu kowace Asabar ina Gaffati. A mota shi yake zama gaba saboda ƙafafunsa, ni da Luba a baya, wannan kam na gode wa Allah. A gindin wata tsamiya ake ajin. Luba takan tsaya da alli da na'ura, ta kira mu mu fito. Mu tsaya kafaɗa da kafaɗa, wato kafaɗata da haƙarƙarinsa, mu ɗaga hannu. A auna shida nasa, a auna shida nawa, a haɗa kowace da batir. Ta tambayi mata wacce za ta fi zafi, duk su nuna doguwar. Sai ta sa su karanta lamba, su raba, su ninka, su zo su kara tafin hannu kusa da wayar su ji. Ba wadda ta taɓa mantawa. An ce ajin Gaffati ya fi na birni ganewa, an kuma ce Madam ce. Ni dai ba a ce komai a kaina ba, kayan aiki ba a yaba masa.

Ranar farko wata tsohuwa ta matso ta leƙa fuskata, ta leƙa hannuna.

"Kai, ba kai ne mai alawayyon Dole ba?"

Na ce ni ne, Inna.

"Ashe shi ya sa zanena bai taɓa zagaye ni ba! Ni ina ta cewa ƙiba na yi."

Ƙwai sun ƙyanƙyashe, ban da 'yan kaɗan. Tsakar gida ta cika da 'yan tsakin zabi masu gudu kamar an biyo su, Yakuba ya zo daga Tirmini ya gani ya riƙe baki. Lambobin suna nan a ƙofar firigo. Na taɓa gogewa da gefen riga kamar bisa kuskure, washegari na tarar an sake rubutawa, an ƙara musu girma.

Mahamud dai har yau bai wuce zaurena ba, wannan na tsare shi. Amma Alhamis ɗin da ta wuce ina buɗe rumfa sai ga matan Gaffati su biyar, tsohuwar nan a gaba. Kowacce tana riƙe da karan dawa, an yanke shi sumul, tsawonsu ɗaya. Ban bukaci a faɗa mini hannun wa aka gwada ba.

"Kamu goma za ka ba ni," in ji tsohuwar, ta ɗora karanta a kan yadina. "Da wannan."